Rabin Katin Magani

Sabulu biyu, kwalbar man girki, rabin katin maganin hawan jini. Abin da ke cikin ledar da Auta ta ɗora a cinya ke nan, a motar yayanta da ya tsince ta a bakin titi. Shi akanta ne a kamfanin siminti, kuma tun da ta shiga yake yabon sabon tsarin haraji.

"Yanzu aka yi adalci, Auta. An sauke wa kamfanoni nauyi, an mayar da harajin kan sayayya. Mai kuɗi da talaka, kowa daidai."

"Kamfaninku yana shan maganin hawan jini, Yaya?"

Ya yi dariya. "Ke dai ba kya rabo da tsiwa. In kamfani ya numfasa, kowa zai ji daɗi."

Ta zaro katin ta nuna masa gefen da mai kemis ya bi da almakashi. Tun da farashi ya hau, rabi take iya saye. Umma kuwa ta koma ta sha yau ta tsallake gobe, wai don ya kai wata.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa. Ka ce sai kamfani ya numfasa."

Ya tsaya a bakin layinsu, bai ko kashe mota ba. Auta ta sauka, ta rufe ƙofar, ta sunkuyo ta taga.

"Gobe zan kawo maka Umma da kayanta. Kai ma ka ɗanɗana daidai ɗin."