Injin da Ke Tsayawa a Minti Bakwai

Wata biyar ke nan tsohon direban yana yawo da riga mai danshi. Tun rasuwar matarsa injin busar da kaya ya tsiro da wani hali: tsohon zai zuba rigunansa biyu, ya murɗa zuwa otomatik kamar yadda ya ga tana yi, ya koma falo. Minti bakwai cif, sai ƙarar ta ɗauke.

Shi dai bai ga abin gyara ba, don kuwa haka marigayiya take yi. Ba ta taɓa yarda da injin nan ba. Minti bakwai take ba shi, ta zo ta buɗe ta cusa hannu tana mitar zai ƙanƙance wa mijinta riguna. Saboda haka duk lokacin da gidan ya yi tsit, sai tsigar jikinsa ta tashi, tsoro da daɗi a haɗe, ya ce daga kan kujera, "Na ji ki. Bar su haka." Wani lokacin har jan silifas ɗinta yake ji a ɗakin wanki. Bai taɓa leƙawa ba, kada ya kore ta.

'Yarsa ce ta shiga tsakani. Ta dafa kafaɗarsa ta ji sanyi, ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

"Baba, so kake ka bi Mama?"

Washegari da hantsi sai ga ta da mai gyara, irin mutanen nan da hannunsu ba ya aiki sai baki na tafiya. Ya zaro ragar tace zare ya kaɗe. Ya kwance bututun iska na baya, ya leƙa, babu toshiya. Ya kunna injin ya tara hannu, zafi na zuwa. Tsohon yana tsaye a bakin ƙofa, yana addu'a a ransa kada a gano komai.

Mai gyara ya zura kai cikin gangar injin, ya ƙwanƙwasa wasu siraran ƙarafa biyu.

"Baba, kaya nawa kake zubawa?"

"Riga biyu. Wani sa'in da wando."

Mai gyara ya yi dariya. "To ai injinka lafiyarsa ƙalau. Ƙarafan nan su ke jin lema. Sai jiƙaƙƙen kaya ya riƙa gogarsu zai ci gaba da juyi. Riga biyu kuwa shawagi kawai suke yi a sama, sai ya ɗauka komai ya bushe. Don wankin gida mai jama'a aka yi shi."

"Me ya sa minti bakwai daidai?"

"Haka aka saita shi daga kamfani, Baba. Ko a gidan wa yake, haka zai yi."

Ya jiƙa manyan tawul biyu ya haɗa da rigunan, ya kunna. Minti bakwai ya zo ya wuce, injin bai ko numfasa ba. Bayan minti arba'in rigunan suka fito da zafinsu, 'yar tana ta godiya har bakin titi. Tsohon ya tsani mutumin nan, kuma ya san ba shi da laifin komai.

Da suka tafi, ya sake jiƙa riga ɗaya a famfo, ya jefa ta ita kaɗai, ya koma kujerarsa ya kasa kunne.

A minti na bakwai injin ya tsaya. Ya jira tsigar jikinsa ta tashi, ba ta tashi ba. Ya buɗe baki zai amsa, sai ya rasa wa zai amsa wa. A karo na farko cikin wata biyar ya miƙe ya leƙa ɗakin wankin bayan tsayawar injin, ya tarar da inji da bokiti, da famfon da bai rufe da kyau ba.