Kawo a Bokitin Fenti

Mai Zarto ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kayar da itatuwan kawo a kurmi, sai ga shi tsufa ya ajiye shi a hawa na huɗu, gidan ɗansa, inda ko ciyawa ba ta leƙowa. Gwiwoyinsa sun yi rantsuwa ba su ba matakala. Ɗan da matarsa kuwa kullum sammakon aiki, gaisuwar ma a tsaye ake yin ta, makulli a hannu. Kaɗaici ya ishe shi, har gurnanin firji yakan ji kamar ya amsa.

Wata rana ya tsinci ƙwayar kawo a aljihun tsohuwar rigarsa, baƙa wuluk da 'yar jar hularta. Ya kankare bayanta da wuƙa, ya jiƙa, ya binne a bokitin fenti a baranda. Da ta tsiro, tsoho ya samu abokin hira. Kowace safiya zai fito da kofin ruwa yana cewa, "Ka tashi lafiya? Ni dai gwiwar ce."

Ana nan itace ya kai masa kafaɗa, sai ganye ya fara rawaya yana zuba. Ya karkata bokitin, ya ga saiwa ta leƙo ta hujin gindi ta murɗe, tana neman ƙasa a kan siminti.

Surukarsa ta ce, "Baba, a rage saiwar mana, a datse kan. Sai ya zauna ƙarami nan kusa da ku."

Shawarar ta kwanta masa, har ya wasa wuƙa. Amma mutumin da bai taɓa jin tausayin itace ba ya tsaya a kan wannan ɗan tsurut, hannu ya ƙi.

Ya ce, "A'a, 'yar nan. Ba za mu tsufa a bokiti mu biyu ba."

Ranar hutu ɗansa ya sauka da bokitin yana haki, ya dasa itacen a bayan gini, don can kaɗai ake da ƙasa. Barandar kuwa gaba take kallo.

Washegari Mai Zarto ya cika kofi ya fito, gaisuwa na bakinsa. Zoben tsatsa kawai ya tarar a inda bokitin yake. Ya daɗe tsaye a wurin, sannan ya shanye ruwan.