Taƙi Ɗaya

Tsohon direban ya karanta layin ƙarshe tsaf, harafi bayan harafi, babu gargada. Sai dai allon da ke jikin bango lambobi ne a kansa, ba haruffa ba.

'Yarsa, wadda ke auna ido a asibitin, ta juyo ta dube shi. Ta san abin da ya karanto: tsohon allon gwaji ne da ta manna a falonsu tun tana ɗaliba. Ashe haddace shi ya yi! In ta sa hannu a takardarsa, gobe zai koma tuƙa motar 'yan makaranta. In ta ƙi, shi da sitiyari sai kallo.

Ta ɗora masa firam ɗin gwaji, ta yi ta sauya gilasai, har ta tsaya a kan guda.

"Lamba nawa na ci?" ya tambaya, yana murmushin da bai kai zuci ba.

"Biyar."

"Madalla! Abokin aikina biyu kacal ya samu, kuma yana tuƙi."

"Baba, wannan awon a juye yake. Mita ɗaya ake rabawa da lambar. Mai biyu yana gani sarai har rabin mita. Mai biyar, taƙi ɗaya."

"To ba ni gilashin mana."

"Ko da shi ba ka ga allon ba. Yanar ido ce ta rufe maka gani, sai an yi aiki."

Ya cire firam ɗin. "Uwata, ko kaza ban taɓa takewa ba. Hanyar nan a kaina take. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ke ce za ki tona min asiri?"

Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin. 'Ya'yan mutane ne yake ɗauka.

Ta jawo kujerarta gabansa. "Zan matso a hankali. In ka gan ni sosai, ka ce."

Ta matso, shiru. Ta ƙara matsowa, shiru. Sai da ta ji numfashinsa a fuskarta sannan ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana dubanta.

"Uwata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "yaushe kika fara furfura?"

"Ta daɗe, Baba."

Ya laluba aljihu, ya miƙa mata makullin motar.