Kakin Inna Hajjo

Safiyatu ta yi sallama gidan marigayi Malam Barau da fara'arta, don yau albishir ta kawo. Tun da tarin fuka ya kashe shi, asibitin Sundimina, inda take aiki, ya ɗora mata bin mutanen gidan da robar gwajin kaki. Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce matarsa, Inna Hajjo, da ta yi jinyarsa a ɗaki ɗaya. Ga shi sakamakonta ya fito babu komai.

Na'ima, matar ɗan gidan, ta ji albishirin ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Sai da Safiyatu ta matsa mata ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Wai Inna cewa ta yi ba za ta miƙa kakinta ga baƙi ba, wa ya san hannun da zai faɗa a yi mata asiri. Na'ima kuwa ta ji kunyar mayar da roba ba komai, ta tofa nata a ciki.

Ashe lafiyayya suka gwada. Safiyatu ta tambayi inda Inna take.

"Ta fita takaba. Tana Fagam wajen autarta Ummussalma, ita ce ta haihu."

Ɗan acaɓa ya bi da ita ta Gwaram. Duk hanya tana tuna ɗakin jego irin nasu: taga a toshe da tsumma, ƙofa a rufe don kada sanyi ya kama mai jego, garwashi a ƙarƙashin gado.

Haka ta tarar kuwa. Tun daga zaure ta jiyo tarin, mai zurfi, irin wanda kunnenta ya sani. Ummussalma na kwance. Inna Hajjo na zaune a tabarma, ta rame har awarwaro na yawo a hannunta, jariri a cinyarta. Ta ce mura ce kawai ta hayaƙin ruwan wanka.

Safiyatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani da ladabi. Ta ce maganin kyauta ne kuma ana warkewa, amma jaririn da bai yi arba'in ba, ba shi da ƙarfin wannan ciwo. Ta roƙi a buɗe taga, Inna ta koma wani ɗaki, a kai yaron a duba shi.

Ummussalma ta tashi zaune. Ta dubi ɗanta, ta dubi uwarta.

Tsohuwar ta kalli sabuwar robar da Safiyatu ta ajiye a gabanta.

"To, 'yar nan, na ji. Zan ba ki," ta ce. "Bari dai in yi masa tofin safe, ban taɓa fashi ba tun ran da aka haife shi."

Kafin Safiyatu ta miƙa hannu, Inna ta ɗago jaririn daf da bakinta, ta fara addu'a.