Benen da Aka Fara Daga Sama

Ina kwanciya jiya mafarki ya ɗauke ni. Ga ni a shagona na ɗinki a bakin kasuwa, da rana tsaka, amma gari ya yi duhu. Na leƙa waje, sai na ga bene mai hawa talatin yana rataye daidai kan rufina. A garin nan daga sama ake fara gini, a yi ta saukowa har a samu fili.

Wani bunsuru ya shigo sanye da kwat da hular kwano. Shi ne manajan kamfanin.

"Malam Tukur, gobe plazarmu za ta sauka nan. Masu ita suna Dubai, gilashinta daga Sin, kai kaɗai ne ɗan gida, don haka kai za ka tashi."

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina nan. Ina zan kai kekena?"

"Mun ba ka shago a hawa na ashirin da bakwai."

"Akwai matakala?"

"Tana kwantena a teku. Bana shekararta uku a hanya."

Ya miƙo takardar yarjejeniya. Kafin in karanta ya cinye ta, ya ce an sa hannu.

Iya Talatu mai ƙosai, maƙwabciyata, tuni an kai ta sama. Ta leƙo ta taga tana ɗaga matsami.

"Tukur, kada ka yarda! Ba mai saye a nan sai shirwa, ita ma ba ta son yaji!"



Sai ga shi gobe ta yi. Bene ya sauko har ya taɓa kwanona, ya tsaya cak. Injiniyoyi suka auna, suka ce ya fi ratar sama da ƙasa tsawo da hawa guda. Bunsuru ya dawo yana gumi.

"Kai tela ne. Rage mana shi."

Na rataya tef a wuya, na zaga benen sau biyu, na ja alli a hawan ƙasa.

"Sai an yanke nan, a kalmashe. Kada kowa ya motsa shi sai na gama."

"Yaushe za ka gama?"

"Jibi, in sha Allah."

Ya yi godiya har da rusunawa, ya buga wa Dubai waya ya ce jibi. Kasuwa ta kwashe da dariya gaba ɗaya, don duk wanda ya taɓa kawo mini yadi ya san jibina.

Ina cikin dariyar aka tada injin markaɗe a bayan gidanmu, na farka.