Jan Layin da ke Jikin Farfela

Duk wanda ya san garejin nan na bayan tasha ya san Na-Sama da Na-Ƙasa. Sunayen daga wurin aiki suka samo asali. In za a kwance farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ɗaya ke kwanciya a ƙarƙashin mota, ɗaya ya zauna a kujerar direba, ƙafarsa a kan birki. Na ƙasan ya ce, "Kama!" sai a taka birki, ƙarfen ya tsaya cak, ya warware noti. Ya ce, "Saki!" sai a ɗaga ƙafa, ya juya ƙarfen ya nemo noti na gaba. Tun suna da baƙin gashi suke haka har furfura ta gama da su, ba su taɓa musanya wuri ba. Na-Sama yakan ce shi ba a halicce shi don birgima a ƙasa ba. Na-Ƙasa yakan ce ƙiwuya ce kawai, kada a ɗora wa halitta laifi.

Suna da wata tsohuwar jif da suka tayar daga bola. Sun ɗaga ta sama, sun sa mata ƙafafu masu faɗi har sun leƙo waje da jikinta. In an yi ruwa sukan rufe gareji su nufi hanyar dutse da ke bayan gari, ba don komai ba sai su ga ko za ta hau. A kan hanya Na-Ƙasa ke tuƙi. Na-Sama ya kame a gefe, hannu a kan taga, taya tana yi masa wanka da laka.

"Mutumina, ka sa wa motar nan gira mana," yakan ce yana goge wuya. Gira suke ce wa faffaɗar robar nan da ake ɗaurawa a saman taya don ta tare laka.

"Gobe."

Goben nan ta yi shekara da shekaru ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne ciwo. Wata safiya Na-Sama ya faɗi a ƙofar gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Bakin da bai taɓa yin shiru ba ya koma sai kallo.

Garejin ya yi wa Na-Ƙasa girma. Ba shi da mata, 'ya'yansa kuma sun yi nisa, sai gaisuwar waya. Yana dafa shayi ya tarar ya zuba kofi biyu. Kewa ta dame shi ƙwarai, amma wa zai faɗa wa? Wanda yake faɗa wa komai shi ne ke kwance.

Ana nan sai 'yar Na-Sama ta biyo ta garejin, tana tattara bakin zanenta kada ya taɓa baƙin mai.

"Baffa, ranar Asabar zan tafi da Baba can wurina. Asibiti na kusa da ni, kuma ba zan iya barinsa shi kaɗai ba."

Ya daɗe yana goge sifanar da ba ta da datti. Ya san garin da take aure, ya kuma san ba tafiyar da ake dawowa ba ce.

"'Yata, ki ara min shi da safen nan. In kai shi dutse in dawo miki da shi kafin motarku ta zo."

"A wannan akwalar? Baffa, likita ya ce kada a jijjiga shi."

"Ba za ta jijjiga ba. Ko ruwa kika ɗora a kofi ba zai zube ba."

Alkawarin ya fi ƙarfin motar, domin kuros ɗin farfelar, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasa, ya daɗe da cinyewa. Ya sayo sabo, ya sayo gira huɗu, ya kwanta a ƙarƙashin jif. Ya ɗora sifana a kan noti, bakinsa ya riga shi: "Kama!"

Babu mai taka birki. Ƙarfen ya juya abinsa, sifana ta suɓuce ta fasa masa yatsa.

Mai faci na maƙwabta ya leƙo ya ce ko ya zo ya taka masa. Na-Ƙasa ya ce a'a, ya gode. Ba ya son ganin ƙafar wani a wurin. Sai ya samo guntun katako ya tokare birki da shi. Kowane noti sai ya fito da rarrafe, ya cire katakon, ya koma ya juya ƙarfen, ya sake fitowa ya tokare. Girar ma ta ba shi wuya, ya kama wannan baki wancan ya faɗi, har sai da ya riƙe da gwiwa yana huda ƙarfe. Ta gefen Na-Sama ya fara ɗaurawa.

Farfelar nan gida biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya da haƙora. Kafin a raba su sai an ja layi a jikinsu, don a mayar da su daidai yadda suke, in ba haka ba mota ta yi ta rawa. Jan layin nan aikin Na-Sama ne. Da an fito da ƙarfen kan benci zai tsoma tsinke a ɗan gwangwaninsa na jan fenti ya shata, bai taɓa ko ambata ba. Shi ya sa Na-Ƙasa ya raba, ya sa sabon kuros, ya mayar, abin bai ko faɗo masa a rai ba.

Sai ranar Asabar, a kan hanyar gidan abokinsa, da ya ɗan ƙara wuta, madubi ya fara kaɗawa, kujera ta ɗauka. Ya ce wa kansa wataƙila in ya bi a hankali ba za a ji ba.

Aka fito da Na-Sama a keken marasa lafiya, ya rame, an sa masa riga mai tsabta. Suka ɗora shi a kujerarsa ta gefe, 'yar ta shiga baya. Ko ƙarshen layin ba su kai ba ta ce, "Baffa, tsaya! Don Allah tsaya."

Ya tsaya. Na-Sama ya ɗora lafiyayyen hannunsa a kan sandar giya, sannan ya juyo ya zuba masa harara irin ta da. Ya ɗaga yatsa, ya yi kamar ya tsoma a wani abu, ya ja layi a iska.

"Na sani," in ji Na-Ƙasa. "To laifin wa? Ai aikinka ne, ka tafi ka kwanta ka bar ni."

Rabin bakin Na-Sama ya motsa. Ya nuna kujerar direba, ya bubbuga gwiwarsa mai lafiya.

"Baba, ba za ka iya ba," in ji 'yar.

Ya sake bubbuga gwiwar, da ƙarfi wannan karon. Suka ciccibe shi suka mayar da shi kujerar direba. Na-Ƙasa ya sa jak, ya shimfiɗa kwali a gefen titi ya shige.

"Kama!"

Ya jira. Sai ya ji birki ya yi ƙara a hankali, ƙarfen ya tsaya cak.

"Saki!"

Ƙarfen ya sake. Gara da yake a ƙarƙashin mota, domin hawaye ne suka gangaro masa har cikin kunne.

Da ya fito da farfelar, Na-Sama ya nuna tsumma. Na-Ƙasa ya goge tsohon giris da ya daskare, sai ga jan layi na wani aikin da suka yi tun tuni, rabi a nan, rabi ya kauce can gefe. Ya zare, ya daidaita su suka haɗu, ya ɗaga wa abokinsa ya gani. Ya koma ƙasa suka ci gaba, kama, saki, kama, saki, kuma bai yi sauri ba.

Yana ɗaure notin ƙarshe motar da 'yar ta ɗauko ta iso tana hon.

"Baffa, ka yi haƙuri. Hanya da nisa."

Bai yi musu ba. Da ake tura keken, Na-Sama ya miƙa hannu ya kama sabuwar girar ta gefensa, ya jijjiga ta ya ji ko ta ɗauru. Ya gyaɗa kai. Iyakar sallamarsu ke nan.

Na-Ƙasa bai koma gareji ba, hanyar dutse ya kama. Jif ta tafi sumul, madubi ko motsi. A kwarin nan da ruwa ke kwanciya ya sauke gilashin gefe, ya auka da tayar cikin laka da gangan. Lakar ta tashi, ta daki gira, ta koma ƙasa. Ko ɗigo bai taɓa kujerar ba.

"Ka gani ko?" ya ce, ya juya gefensa.