Ɗigon Koren Biro

Duk tsawon shekarun da Malama ta yi tana koyar da Turanci, ba ta taɓa soke kuskuren ɗalibi ba. Sai dai ta ɗiga ɗigo da koren biro a gefen layin, ta miƙa masa takardarsa ta ce, "Nemo da kanka." Ko da ta yi ritaya halin bai sauya ba, ɗaliban ne suka ragu zuwa ɗaya: matar ɗanta.

Surukar ma'aikaciyar jinya ce. Mijinta yana aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma ba za a bar ta ta bi shi ba sai ta ci jarrabawar Turanci. Ta taɓa rubuta jarrabawar ta faɗi. In ta ci a wannan karon, tafiya za ta yi da 'yarta ƙarama, wadda Malama ke kira Ƙawa, wadda ba ta barci sai ta riƙe kunnen kakarta.

Ana gobe jarrabawa, da yamma, suna zaune a teburin cin abinci. Darasin da ya rage shi ne wanda ke kayar da surukar kullum: yadda ake faɗin abin da ya kamata a yi ba a yi ba, da abin da aka iya yi amma aka bari.

"Mama, wannan darasin na 'da na sani' ya ishe ni," in ji surukar. "Turawa aikin yi suka rasa ne, har nadama sai sun raba mata kalmomi?"

"Mu ma muna da namu. Ke dai rubuta."

Surukar ta cika shafi guda, sai ƙaurin tukunya ya tashe ta, ta ruga kicin.

Malama ta gyara tabarau ta soma karatu. Ga tsohon kuskuren nan, ya bi layi bayan layi kamar tururuwa. Ta taɓa yin aikin duba irin wannan jarrabawa, ta san wannan kaɗai ya isa ya kayar da mutum. Ta cire murfin biro.

Daga ƙarƙashin tebur Ƙawa ta leƙo, takalman kakarta a ƙafa.

"Kaka, in mun hau jirgi, wa zai riƙe miki kunne?"

"Sai in huta, ja'ira. Dubi yadda kika tsawaita shi."

Yarinyar ta yi dariya ta koma ƙasa. Malama ta daɗe tana kallon shafin. A hankali ta mayar da murfin biron.

Surukar ta dawo tana goge hannu da zane. Ta ɗauki takardar, ta duba gefe daga sama har ƙasa, fuskarta ta washe.

"Babu ɗigo ko ɗaya, Mama?"

Malama ta ji murnar ta soke ta kamar ƙaya.

"Kawo nan, 'yar nan," ta ce. "Ban sa tabarau ba."

Surukar ta dubi tabarau ɗin da ke zaune daram a karan hancin Malama. Ta miƙa mata takardar. Koren biro ya bi gefen shafin yana ɗiga, har layin ƙarshe. Surukar kuma ta sunkuya ta nemo kurakuranta da kanta, ta gyara.

"Saura gwajin baka," in ji Malama, tana kallon tebur. "Ba ni jimla ɗaya, da could have."

Surukar ta ɗago kai. Sannan ta faɗa da Turanci, dalla-dalla, tana duban idonta. Ma'anar ita ce: da kin so, da kin bar takardar yadda take.

Malama ta juya jimlar a ranta tana neman inda za ta sa ɗigo. Ba ta samu ba.